'Yancin Faɗin Albarkacin Baki a Jami'o'in Gwamnatin Amurka: Doka Ɗaya, Ma'auni Biyu

A ranar 24 ga Afrilu, 2024, ɗaruruwan ɗalibai suka fice daga azuzuwa a Jami'ar Texas da ke birnin Austin, suka nufi filin tsakiyar makarantar domin nuna adawa da yaƙin Gaza. Ba su gama taruwa ba sai ga 'yan sandan jiha, wasu a kan dawakai, wasu sanye da hulunan kwano riƙe da kulake. A ranar an yi awon gaba da mutum 57, har da mai ɗaukar hoto na wani gidan talabijin. Gwamnan jihar, Greg Abbott, ya rubuta a shafinsa na X cewa gidan yari ne ya dace da masu zanga-zangar. Cikin 'yan kwanaki ofishin mai gabatar da ƙara ya yi watsi da tuhumar kutse da aka yi musu, saboda takardun kamen ba su ƙunshi gamsasshiyar hujja ba.

Abin da ya ƙara ta da ƙura shi ne, wannan gwamnan ne da kansa ya sa hannu a shekarar 2019 a kan wata doka da ta ce duk filayen da ke sarari a jami'o'in gwamnatin Texas dandali ne na kowa, ɗalibi ko baƙo, ya tsaya ya faɗi ra'ayinsa ba tare da neman izini ba. Har bidiyo ya fitar a lokacin yana alfahari da ita. A shekarar 2019 masu ra'ayin riƙau ne ke kukan ana toshe musu baki a jami'o'i. A 2024 kuwa masu goyon bayan Falasɗinawa ne ke magana. A lokacin dokar na nan yadda take, masu maganar ne suka canza.

Wannan shi ne cikin batun 'yancin magana a jami'o'in gwamnatin Amurka. A rubuce, da wuya a sami ƙasar da ta kai ta ba ɗalibi kariya. A aikace, kowane ɓangare na tuna darajar wannan 'yanci ne ranar da nasa ke riƙe da lasifika, ya manta da shi ranar da abokin hamayya ya karɓa.

Abin da doka ta tanada

Tushen komai shi ne gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya hana gwamnati yin dokar da za ta tauye 'yancin magana, na 'yan jarida, na addini da na taruwa cikin lumana. Gwamnati kaɗai wannan tanadi ya ɗaure wa hannu. Jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Columbia na iya tsara nasu ƙa'idoji, sai dai a riƙe su da alkawuran da suka rubuta wa ɗalibansu. Amma jami'ar jiha, irin ta Texas ko Kalifoniya ko Michigan, reshen gwamnati ce. Shugabanta da jami'in kula da harkokin ɗalibai da ɗan sandan ƙofa duk gwamnati ne a idon kotu. Kuma a irin waɗannan makarantu ne mafi yawan ɗaliban ƙasar ke karatu.

Ƙa'idar da kotuna suka fi tsanantawa a kai ita ce, hukuma ba ta da ikon duba ra'ayin mai magana kafin ta ba shi dama. Tana iya tsara lokaci da wuri da yanayi: ta hana lasifika kusa da ɗakin jarrabawa, ta hana tare ƙofar laburare, ta hana kwana a fili. Sharaɗin shi ne ƙa'idar ta hau kan kowa daidai. Idan an bar ƙungiyar masu adawa da zubar da ciki ta kafa tebur a bakin ɗakin cin abinci, dole a bar masu goyon baya su kafa nasu.

Akwai maganganun da ba su da kariya, amma 'yan kaɗan ne. Akwai barazana ta gaske ga wani mutum. Akwai tunzura jama'a su karya doka nan take, a yanayin da ake ganin za su aikata, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a shari'ar Brandenburg a 1969. Akwai ɓata suna da ƙarya, sai kuma tsangwama mai tsanani da ke maimaituwa har ta hana ɗalibi karatu. Abin da zai ba mai karatu na ƙasashenmu mamaki shi ne, kalaman ƙiyayya ba sa cikin wannan jeri, haka ma ɓatanci ga addini. Magana na iya zama mummuna, ta ƙona rai, amma jami'ar gwamnati ba ta da hurumin korar ɗalibi a kanta. Mutum na iya ƙin wannan tsari, kuma ƙasashe da dama, har da na Turai, sun zaɓi wata hanya. Sai dai kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san abin da ya haife shi.

Yadda aka ƙwato 'yancin

Ɗaliban Amurka ba su tashi sun tarar da wannan dama a shimfiɗe ba. Har zuwa farkon shekarun 1960, hukumar makaranta tamkar uba take, tana korar wanda ta ga dama ba tare da ta saurare shi ba. A watan Fabrairun 1960 wasu ɗalibai baƙar fata na Kwalejin Jihar Alabama suka shiga wurin cin abinci na kotun Montgomery, wanda aka keɓe wa fararen fata, suka nemi a sayar musu. Gwamna John Patterson ya matsa lamba, aka kori tara daga cikinsu. Suka kai ƙara, kuma a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa makarantar gwamnati ba za ta kori ɗalibi ba sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma ba shi damar kare kansa.

A Arewacin Carolina, majalisar dokokin jihar ta yi doka a 1963 da ta hana 'yan gurguzu yin jawabi a jami'o'in gwamnati. Ɗaliban jami'ar da ke Chapel Hill suka yi dabara a watan Maris na 1966. Suka gayyaci Frank Wilkinson, sannan Herbert Aptheker, waɗanda dokar ta shafa. Baƙon ya tsaya a gefen titin Franklin, wajen iyakar makaranta, ɗalibai kuma suka taru daga ciki, wata gajeriyar katangar dutse ce kawai tsakaninsu. Kotun tarayya ta soke dokar a 1968.

Babbar kokawar ta faru ne a Berkeley, a Jami'ar Kalifoniya. A watan Satumban 1964 hukuma ta hana ɗalibai kafa tebura a bakin ƙofar makaranta domin tara kuɗi da neman magoya baya ga harkokin siyasa. Wasu daga cikin ɗaliban ba su daɗe da dawowa daga Mississippi ba, inda suka taimaka wa baƙaƙen fata yin rajistar zaɓe. A ranar 1 ga Oktoba 'yan sanda suka kama Jack Weinberg a teburin wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata, suka sa shi a mota. Ɗalibai suka zauna a ƙasa suka kewaye motar har tsawon awa 32. Rufinta ya zama mumbari, kuma wani ɗalibi mai suna Mario Savio sai da ya tuɓe takalmansa kafin ya hau, don kada ya ɓata ta. A farkon Disamba suka mamaye ginin hukumar makaranta, aka kama kusan mutum 800. Ranar 8 ga Disamba majalisar malamai ta kaɗa ƙuri'a, 824 suka goyi bayan ɗalibai, 115 suka ƙi.

Daga nan Kotun Ƙoli ta riƙa ɗora tubali a kan tubali. A 1972, a shari'ar Healy, ta ce wata kwalejin jiha a Connecticut ba ta da ikon ƙin yi wa ƙungiyar ɗalibai rajista don kawai shugaban kwalejin ba ya son aƙidarta. A 1973 ta umarci Jami'ar Missouri ta mayar da ɗalibar da aka kora saboda raba wata jarida mai kalaman batsa. A 1981 ta ce idan jami'a ta buɗe ɗakunanta ga ƙungiyoyin ɗalibai, ba za ta rufe su ga masu son yin ibada ba. Ƙungiyar Kiristoci ce ta kai wannan ƙara, amma a inuwar hukuncin ne ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi ke neman ɗakin sallar Juma'a a yau. A 1995 kuma ta hana Jami'ar Virginia ƙin biyan kuɗin buga wata mujallar ɗalibai don ta addini ce, alhali tana biya wa sauran.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa waɗanda suka buɗe ƙofar su ne marasa rinjaye na zamaninsu: baƙaƙen fata, masu adawa da yaƙi, waɗanda ake zargi da gurguzu, da masu addini a inda ake yi wa addini kallon baƙo.

Niyya mai kyau, sakamako na daban

A ƙarshen shekarun 1980 iska ta juya. Yawan ɗalibai baƙar fata da sauran tsiraru ya ƙaru a jami'o'i, cin zarafin da ake yi musu ma ya fito fili. A Jami'ar Michigan an watsa takardun zagin baƙaƙen fata, an kuma yi barkwancin wariya a rediyon makaranta. Hukuma ta mayar da martani a 1988 da wata ƙa'ida da ta haramta duk maganar da ke ƙasƙantar da mutum saboda launinsa, addininsa, jinsinsa ko asalinsa. Jami'o'i da yawa suka bi sahu.

Babu mai shakkar cewa matsalar ta gaske ce. Amma a 1989 alƙalin tarayya Avern Cohn ya soke ƙa'idar, yana mai cewa ta yi faɗi ainun, kuma ba ta fito fili ba yadda ɗalibi zai san abin da aka hana da abin da aka halatta. An gano cewa har maganganun da ɗalibai suka yi a cikin aji lokacin muhawara an kai su gaban hukuma. A 1991 wata kotu ta soke makamanciyarta a Jami'ar Wisconsin.

Darasin da ya fi girma yana cikin yadda aka yi amfani da ƙa'idar. Nadine Strossen, wadda ta shugabanci ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, ta rubuta cewa a ɗan lokacin da dokar Michigan ta yi aiki, fararen fata sun shigar da ƙorafi fiye da 20 a kan baƙaƙen fata bisa zargin kalaman wariya. Makamin da aka ƙera domin kare marasa ƙarfi ya koma kansu. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A nan ko mugunta babu a zuciyar masu ginin, amma duk da haka waɗanda aka so a tsare ne suka rufta. Dalili kuwa a bayyane yake: duk dokar da ta ba jami'i ikon tantance maganar da ta yi zafi, za ta bi son ran wanda ke kan kujera, kuma kujera ba ta dawwama a hannun mutum ɗaya.

Ɗan lungun da aka ware wa magana

Da kotuna suka toshe wannan hanya, wasu makarantu suka ɓullo da wata. Sai a ware wani ɗan wuri a ce nan ne kaɗai aka yarda a raba takardu ko a yi jawabi, shi ma sai an cike fom an jira izini. A ranar 17 ga Satumba, 2013, ranar da Amurka ke bikin tunawa da kundin tsarin mulkinta, jami'an wata ƙaramar kwaleji a Modesto ta Kalifoniya suka hana wani ɗalibi, tsohon soja, raba kofen kundin tsarin mulkin, saboda bai nemi izini ba. Daga baya kwalejin ta biya dala 50,000 ta kuma sauya ƙa'idarta.

Shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli ita ce ta Chike Uzuegbunam, ɗalibi a Kwalejin Georgia Gwinnett. A 2016 yana raba takardun wa'azin Kirista a wajen laburare, jami'ai suka tsayar da shi suka ce sai a wurin da aka keɓe. Wuraren biyu ne, ƙanana ƙwarai, kuma awa 18 kacal suke buɗe a mako. Ya bi ƙa'ida, ya nemi izini, aka ba shi. Ya fara magana ke nan, 'yan sandan makaranta suka dawo suka ce wani ya yi ƙorafi, don haka maganarsa ta zama tayar da hankalin jama'a. Da ya kai ƙara, kwalejin ta yi maza ta janye ƙa'idar, ta ce wa kotu ai magana ta ƙare. A watan Maris na 2021 alƙalai takwas cikin tara suka ce ba ta ƙare ba: wanda aka tauye wa haƙƙi na da damar ci gaba da shari'a ko da diyyar dala ɗaya yake nema. Daga ƙarshe aka sasanta a kan fiye da dala 800,000.

Muhimmancin hukuncin shi ne ya rage wa hukumomi wata tsohuwar dabara, ta su taka ɗalibi, in ya yi ƙara su goge ƙa'idar, su jira ya kammala karatu ya tafi. Jihohi da dama, irin su Virginia a 2014, Missouri a 2015 da Tennessee a 2017, sun yi dokokin da suka hana killace magana a lungu ɗaya.

Baƙon da ba a so

Wani fagen rikicin shi ne baƙin da ake gayyata su yi jawabi. A ranar 1 ga Fabrairu, 2017, a Berkeley ɗin da aka yi gwagwarmayar 1964, wasu masu rufe fuska suka farfasa tagogi suka cinna wuta domin hana Milo Yiannopoulos, wani mai tsattsauran ra'ayin riƙau, yin magana. Aka soke taron, aka yi asarar kusan dala 100,000. A watan Oktoban shekarar, Jami'ar Florida ta bar Richard Spencer, mai aƙidar fifita farar fata, ya kama hayar zaure, bayan an yi mata barazanar shari'a. Shugaban jami'ar ya fito ya la'anci aƙidarsa, gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kashe fiye da dala 500,000 a kan tsaro.

Tambayar da ke biyo baya ita ce, shin ihun da ke hana baƙo magana shi ma 'yancin magana ne? Amsar hukumomi ita ce a'a. Kana iya ɗaga kwali, ka juya baya, ka fice, ka shirya naka taron a waje, ka yi tambaya mai zafi. Amma idan ka hana masu sauraro ji, ka tauye nasu haƙƙin. A watan Fabrairun 2010 wasu ɗalibai Musulmi a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna katse jawabin jakadan Isra'ila, Michael Oren. Aka kama 11, aka dakatar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar, kuma a 2011 kotu ta sami 10 daga cikinsu da laifi. A ƙa'ida sun karya doka. Amma masu sukar hukuncin sun yi tambayar da ta dace: ɗalibai nawa ne suka katse jawabai a jami'o'in Amurka ba tare da an gurfanar da su a kotun laifuka ba?

Malamai ma ba su tsira ba. A 2014 Jami'ar Illinois ta janye aikin da ta riga ta ba Farfesa Steven Salaita saboda zafafan saƙonnin da ya wallafa a Twitter kan yaƙin Gaza na wannan shekarar, bayan ya riga ya ajiye tsohon aikinsa. Ta ƙare da biyan dala 875,000. A Florida kuma, majalisar jiha ta yi doka a 2022 da ta taƙaita abin da malaman jami'a za su iya koyarwa game da launin fata da tarihin wariya, har sai da alƙali Mark Walker ya dakatar da ita. Masu ra'ayin riƙau da suka yi shekaru suna kukan toshe baki su ne suka rubuta wannan doka.

Jarrabawar Gaza

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba, 2023 da ruwan bama-baman da Isra'ila ta yi wa Gaza, jami'o'in Amurka suka shiga jarrabawa mafi tsanani tun zamanin yaƙin Biyetnam. A bazarar 2024 ɗalibai suka kafa tantuna a makarantu da dama suna neman jami'o'insu su janye jari daga kamfanonin da ke da alaƙa da yaƙin. An kama fiye da mutum 3,000 a faɗin ƙasar.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kafa tanti da kwana a fili ba su da cikakkiyar kariya. Tun 1984 Kotun Ƙoli ta yarda hukuma ta hana kwana a filin gwamnati ko da zanga-zanga ce. Haka kuma akwai ɗalibai Yahudawa da suka fuskanci tsangwama ta gaske. A Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles an hana wasunsu ratsa wani sashe na makaranta, kuma alƙali ya ce jami'a ba za ta zuba ido a kan haka ba. A wannan makarantar dai, a daren 30 ga Afrilu, wasu gungun mutane suka far wa sansanin masu goyon bayan Falasɗinawa da sanduna da tartsatsin wuta, aka shafe sa'o'i kafin 'yan sanda su shiga tsakani.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda wasu hukumomi suka riƙa sauya ƙa'ida domin mutanen da suke hari. A Jami'ar Indiana akwai wani fili mai suna Dunn Meadow da aka ware wa taruka tun 1969, kuma an saba kafa tantuna a can da rana ba tare da izini ba. A jajibirin zanga-zangar 25 ga Afrilu wani kwamiti ya sauya ƙa'idar, washegari aka kama fiye da mutum 30, aka kuma hango ɗan sanda da bindigar harbi daga nesa a kan rufin wani gini. Mai gabatar da ƙara ya ƙi ci gaba da tuhumar kutsen. Daga baya jami'ar ta hana duk wani taron bayyana ra'ayi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, kotu ta dakatar da wannan a 2025. A Texas ma majalisa ta yi sabuwar doka a 2025 da ta rage damar da ta 2019 ta bayar, ta hana irin waɗannan harkoki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe. Alƙalin tarayya ya dakatar da aiwatar da wannan sashe a jami'o'in da aka kai ƙara.

Sai kuma ranar 10 ga Satumba, 2025, da aka harbe Charlie Kirk, fitaccen mai ra'ayin riƙau, yana tsaka da amsa tambayoyin ɗalibai a Jami'ar Utah Valley. Kisan mutum saboda abin da yake faɗa shi ne ƙarshen toshe baki. Amma a makonnin da suka biyo baya an kori ko an dakatar da malamai da ma'aikata a jami'o'in gwamnati da dama saboda abin da suka rubuta game da mutuwarsa, bisa matsin lambar 'yan siyasar da suka daɗe suna kiran kansu masu kare 'yancin magana.

Ɗalibai baƙi

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 akwai ɗaliban Najeriya kimanin 20,000 a Amurka, fiye da na kowace ƙasa a Afirka. A ranar 25 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, jami'an shige da fice sanye da farin kaya, wasu da rufaffun fuskoki, suka tare Rumeysa Ozturk, 'yar Turkiyya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Tufts, tana kan hanyar zuwa buɗa-baki. An soke bizarta ba tare da an sanar da ita ba. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wata maƙala da ta rubuta tare da wasu a jaridar ɗalibai tana sukar matsayin jami'arta kan Gaza. Ta yi fiye da mako shida a tsare a Louisiana kafin alƙali ya ba da umarnin a sake ta.

A ƙarshen Satumban 2025 alƙalin tarayya William Young ya yanke cewa baƙon da ke zaune a Amurka bisa ƙa'ida yana da 'yancin magana daidai da ɗan ƙasa, kuma kama ɗalibai da nufin korarsu saboda ra'ayinsu ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Duk da haka tsoro ya riga ya shiga. Tun watan Yunin 2025 ake umartar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta domin jami'an ofishin jakadanci su duba. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da kadara suka tura shi karatu zai yi dogon tunani kafin ya sa hannu a wata takardar koke, ko da doka na bayansa.

Ma'auni ɗaya

Akwai jami'o'in da suka nemi mafita. A 2015 Jami'ar Chicago ta fitar da wata sanarwa, ƙarƙashin kwamitin Farfesa Geoffrey Stone, da ke cewa ba aikin jami'a ba ne ta kare mutane daga ra'ayin da ba sa so, aikinta shi ne ta ba su fagen da za su ƙalubalance shi da hujja. Fiye da makarantu 100 sun rungumi sanarwar ko makamanciyarta. Amma abin da ya faru a Austin da Indiana ya nuna cewa takarda mai daɗin karantawa ba ta wadatar.

Ƙa'idar da ta cancanci sunanta tana da alamomi da kowa zai iya dubawa. A rubuta ta tun kafin rikici ya taso, kada a sauya ta cikin dare. Ta fayyace abin da aka hana yadda ɗalibin shekarar farko zai gane. Ta hukunta aiki, wato duka, barazana, tare hanya da hana karatu, ta bar ra'ayi. A saurari wanda ake zargi kafin a hukunta shi. Sannan a tambayi wanda ya rubuta ta ko zai yarda a yi masa aiki da ita ranar da abokin gabarsa ya hau mulki.

Mu ma ba baƙin wannan muhawara ba ne. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, kuma waɗanda suka san Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1980 na tuna yadda gwamnatin soja ta fitar da Dokta Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988. Al'adunmu da dokokinmu sun bambanta da na Amurka, kuma ba dole ne mu ja iyaka a inda suka ja tasu ba. Amma tarihinsu na shekara 60 ya tabbatar da abu ɗaya da ya wuce iyakar ƙasa: duk lokacin da aka ba hukuma ikon zaɓar wanda zai yi magana, marar galihu ne ke fara yin shiru. Don haka duk wanda ke son a saurare shi gobe, ɗalibi ne ko malami ko ɗan majalisa, ya tashi ya kare haƙƙin wanda ba ya son jin maganarsa a yau.